Daɓen Kakata

Ran nan maƙwabciyata ta jiƙa makuba, za ta shafe katangarta kafin ruwa ya sauka. Warin na tsallakowa sai na ga kakata a gabana, ta ci ɗamara, madaɓi a hannu. Ku 'yan yanzu ba ku san makuba ba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa, a yayyafa ruwan a ƙasan ɗaki, mata su durƙusa su yi ta duka har ya koma kamar dutse. Shi ne daɓe. Ni da girmana na koyi riƙe biro, don haka yadda nake magana haka za ku gani a rubuce.

Garinmu a gindin duwatsu yake, can ƙasar Doguwa. Ina ƙarama kamfanin da ke haƙar kuza ya tattara ya tafi. Ya bar mana ramuka, da wani tafki kore shar, da tsibin yashin da suke zubarwa in sun wanke kuzarsu. Yashin nan baƙi ne, ga laushi, ga ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Nauyi gare shi. Ƙwarya ɗaya sai ta sage miki wuya.

Kaka ce uwar daɓe a unguwarmu. Da an cire amfanin gona aka shiga bukukuwa, ba ta kwana biyu a jere ba a aiko kiranta ba. Ita ta fara zuba baƙin yashin nan a saman daɓe, a shan duka na ƙarshe. In ya bushe aka kunna aci-balbal, sai ki ga ƙasan ɗaki yana walƙiya kamar sama da taurari. Amarya ko mai jego, duk wadda ba a yi mata daɓen Kaka ba gani take an raina ta. Mu yara mu ne 'yan ɗauko yashi. Mu hau tsibin mu gangaro da gindi, mu dawo gida fuska na sheƙi. A cikin yashin ake soya gyaɗa, da shi ake dirje tukunya. A kansa kowane jariri ya yi rarrafe, ya dumbuza ya kai baki.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana mai kawo mana nono, abokiyar wasan Kaka. Wata rana ta tarar ana jiƙa makuba da ruwan tafkin, ta sauke ƙwaryarta ta tsaya kallo.

Ta ce, "Ke Kaɗo, ruwan da ko kwaɗo ba ya kuka a ciki? Shanunmu da ƙishi suke wuce shi."

Kaka ta ce, "Shanunki sun cika iyayi, kamar mai su. Auna min nono ki ba ni wuri."

Aka yi dariya, aka ci gaba da duka.

Unguwarmu kuwa ba ta rabo da ciwo. Tari babu gidan da babu. Mata su yi ta ɓari. Yaro ya kai yaye bai tsaya da ƙafarsa ba, wani ya girma kai bai cika ba. Aka ce iskokin tafki ne, aka yi ta turare da rubutu. Innata ta haihu bayana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ni kaɗai na tsaya. Kaka ma tari ne ya kai ta, har ba ta iya ɗaga madaɓin. Unguwar da ke can bakin rafi, su ma suna ciwo suna mutuwa kamar kowa, amma ba irin namu ba. Muna gani, ba mu taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Sai da na tsufa, a ajinmu na yaƙi da jahilci, wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta ce mana yashin da aka wanke kuza ba na gini ba ne, ba na wasan yara ba ne, akwai guba a ciki da ido ba ya gani. Ni ba likita ba ce. Ba zan rantse cewa shi ya kashe wane da wance ba, kowa da kwanansa. Amma tana magana ina ƙirga ɗakuna a raina, ina tuna waɗanda aka haifa a ciki.

Yanzu an daina daɓe, sai siminti. To yashin fa? Shi ake kwaɓa simintin da shi. Bana babban ɗana ya tashi gyara ɗakin jikana, matar yaron tana da ciki, ya tsufa. Na fito da safe na tarar an juye baƙin yashi a ƙofar gida, yana ta ƙyallinsa.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Na ɗakin yaran nan ne, Inna. Ga shi a kusa, sai mu tafi har rafi?"

Na ce ba zai shiga gidan nan ba. Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa tsoho.

"Haba Inna. Ke a kan me kika yi rarrafe? Ga ki nan kin ga jika, kina shirin ganin tattaɓa kunne."

Na ce, "Ni ga ni. Ina ƙannena?"

Duk da haka bai fasa ba. Sai na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a kan tsibin na zauna da carbina. Magini ya zo da shebur, ya durƙusa ya gaishe ni, ya rasa inda zai soka. Rana ta take ina nan. Matar jikana ta kawo min fura, na ce ta tsaya daga nesa ta ajiye. Masu wucewa suna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Su faɗa. Ni na gama haihuwa, abin da yashin zai min ya riga ya yi.

Da la'asar ɗana ya zo ya tsuguna, ransa a ɓace, don ana ta yi masa magana a masallaci.

Ya ce, "Shi ke nan, za a kwashe. Amma ke naki ɗakin fa? Me ke ƙarƙashin ledarki in ba daɓen Kaka ba? Kuma duk yaran gidan nan a ɗakinki suke wuni."

Ya faɗa ne don ya rufe min baki, kuma gaskiya ya faɗa. Daɓen aurena ne, na ƙarshe da Kaka ta yi da hannunta tana yi tana tari. An sha yi masa faci, amma yana nan. Duk garin ba wani da ya rage. Abin da ta bar min ke nan a duniya.

Na ce, "Je ka aro diga."

Ni na naɗe ledar da kaina. Da ƙyar digar ta shige shi, magini har yana cewa bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ban yi kuka a gabansu ba. Na sa aka kwashe har ƙurar, aka mayar can ramin kamfani.

Tsibin kamfanin yana nan har yau, motoci na zuwa ɗiba. Ba ni da ƙarfin zama a kan duka. Amma ba sunan da zan je, ba biki, da ba zan faɗa wa mata ba, ko sun so ko sun ƙi. Matar jikana ta sauka, an sami mace. Ta fara rarrafe. A ɗakina take wuni, a kan siminti da yashin rafi, ba ƙyalli ba komai, tana lasar ƙasa son ranta.