Bokal ɗin Kawu Halidu

Yayana Illa tela ne a kasuwar Madawa, amma a garinmu Urno an fi saninsa da riƙon gurup ɗin watsap na 'yan gari, na gida da na Abijan da Libiya. Mutanenmu ba su damu da rubutu ba, sai saƙon murya, wato bokal. Ba a biyansa komai, sai zagi idan ya goge ƙarya.

Bara da kaka, kafin a saki gonaki ga dabbobi, Kawu Halidu, ƙanen mahaifiyarmu, ya tura hoton shanu cikin dawa. Ya bi shi da bokal cewa shanun Umaru Bafulatani ne suka cinye gonar wani a bayan gari. Illa ya duba, ya ga hoton tsoho ne, shekarun baya ma ya yi yawo. Ya goge.

Sai gurup ya ɗauki zafi. Wasu suka ce Fulani sun saye shi. 'Yan boko kuma suka ce ya fito ya kira sunan maƙaryacin kowa ya ji. Ni ma haka na ce, don raina ya ɓaci. Samari kuwa har sun fara neman sanduna, Umaru na ruga bai san abin da ake ciki ba.

Illa ya ce mini gogewa ba ta cire magana daga kunnen da ya riga ya ji, kuma idan ya ƙaryata tsoho a bainar jama'a, rabin gari za su bi tsohon don kunya. Ya rufe shago ranar kasuwa, ya hau moto, wato babur, ya nufi Urno.

Ya tarar da Kawu a gona yana ɗaurin damman hatsi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kama masa aikin, sannan ya ce, “Kawu, muryakka suka ji. In ba ita ta koma ba, jinin Umaru bisa wuyanmu shi ke.”

Kawu ya yi faɗa sosai, ya ce ɗan da aka haifa a gabansa ne zai koya masa magana. Illa dai yana durƙushe, waya a tafin hannu. Da Kawu ya gaji, ya karɓa ya danna.

“Ni na, Halidu. Hoton ga turo min shi anka yi, ban gani da idona ba. Kowa shi aje sanda.”

Aka ajiye. Wallahi ranar na yi alfahari da yayana, har na fasa tsokanarsa da wandunan da yake ɗinkawa a karkace.

Masu zaginsa ba su ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Da aka saki gonaki, Umaru ya zo neman inda shanunsa za su kwana su zuba taki, kamar kowace shekara. A gonar Kawu suka kwana.