Akuyar Kaka a Tsakiyar Ruwa

Jiya wata tela a layinmu ta tsinke zare da haƙori. Na ji 'yar ƙarar nan, ƙas, sai na tsaya cik a bakin shagonta kamar an kira sunana. Haka Kaka ke tsinke zare. Ba ta taɓa yarda da almakashi ba.

A gidanmu na Bagudo, duk macen da ta haihu, kafin ranar suna Kaka ta gama mata majanyi. Farin saƙi take samu, ta zana da gawayi, ta bi zanen da allura. Wasu kan ɗinka fure ko tauraro, ita tatsuniya take ɗinkawa, gaɓa ɗaya a kan kowane majanyi. Haka labari guda ya watsu a bayan mata daban-daban tun ba a haife ni ba. Lokacin da na yi wayo yanar ido ta rufe mata gani, ta ajiye allura.

Ni kuwa, mai karatu, irin yaran nan ce da ke shigewa bayan ƙyaure in an yi sallama. A aji ko na san amsa sai ta maƙale mini a wuya. Amma idona ba ya barin komai ya wuce. Na san kazar da ke ɗingishi, na san kwanon da bakinsa ya lotsa.

Wata damina, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka ɗauke, Gwaggo ta dawo daga rijiya ta sauke tulu, gammonta ya faɗi ya warware. Ashe tsohon majanyi ne. Sai ga akuya da jan zare, da ɗan buhu a bayanta, gemunta bai fi ɗinki uku ba. Na ɗauka na ruga ɗakin Kaka. Ta bi shi da babban yatsa, fuskarta ta washe.

“Akuyar gishiri! Ke, ina kinka samo ta?”

Ta gaya mini farkon: akuya ce za ta kai gishiri kasuwa a ƙetaren kogi, kunkuru ne mai fito. Na ce sai me ya faru? Ta dungure mini kai.

“Sauran na bayan mutane. In kina so, je ki nemo.”

Wannan shekarar ban san yunwa ba. Duk gidan dangi da aka aike ni, idona na kan tsumma. Na sami kunkuru da kwalekwalensa an toshe ɓulin rumbu da shi a Bahindi. Na sami kura a Sharabi, tana bakin gaɓa ta ɗaga ƙafa ɗaya wai gurguwa ce, a taimaka a ƙetare da ita; da wannan majanyin ake tace gasara, har kurar ta koma launin gero. Ba na iya roƙo. Tsayawa nake ina kallo har mai gidan ta gaji ta ce, “Mi kika so, kurma?” sai in nuna da yatsa. A yi dariya a ba ni, tunda ni 'yar gida ce, waɗanda aka goya kuma sun yi gemu. In wanke da sabulun salo, in shanya, in tsaya gadi kada awaki na gaske su cinye.

Na ƙarshen da na samu shi ne ya hana ni sukuni. Kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa, kura ta sauke ƙafar da ta ɗaga, ta wangale baki. Kowane haƙori ɗinki ɗaya ne da farin zare. Kunnen akuya ya kwanta baya. Na jera su duka a kan tabarmar Kaka, na ɗora hannunta a kai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba da labari, har ta zo bakin kura.

“Sai akuya ta ce... sai ta ce...”

Ta koma farko ta sake biyowa, ta sake tsayawa a nan. Matar da ta san wanda ya haifi kakan kowa a unguwarmu ta manta abin da akuya ta ce.

Na ɗauka abin dariya ne, ashe ba haka ba. Ta rage cin abinci. Sai tana alwala ta tsaya da buta a hannu, leɓenta na motsi. Daga uwarta ta ji labarin, kuma duk tsohuwar da aka tambaya sai ta liƙa masa ƙarshen wata tatsuniyar, Kaka ta girgiza kai. Na ji tana ce wa Inna, “Ido ya tafi na haƙura. In kai ya bi shi, mi ya rage?”

Abu ɗaya ta tuna: majanyin ƙarshe ƙawarta ta ƙuruciya ta ba, wadda aka kai aure wani ƙauyen Dandawa a cikin Benin.

Na ce za ni. Inna ta dube ni kamar tukunya ce ta yi magana.

“Wannan ba danginmu ba ce. Wa ke ba bare majanyi? A kai shi wurin boka a cuci wanda anka goya? Kuma ke da ba ki iya gaida baƙo.”

Duk da haka ban fasa ba. Da aka ba da hutu bayan girbin shinkafa, Kawu mai fataucin albasa ya gaji da ganina a bakin zaurensa kullum, ya ɗora ni a kan buhuna. Na ɗaura farin kallabina na makaranta, don shi ne mafi kyau da nake da shi. Duk hanya ina jiran in ga iyaka, ina zaton katanga ce har sama. Sai na ga sanda an gitta a kan ganguna biyu. Can ma gawo, can ma awaki, can ma kiran salla. Burodinsu ne kawai dogo kamar taɓarya, da allunan da na kasa karantawa.

Mun iske tsohuwar ƙawar Kaka tana banda kifi, hayaƙi ya cika tsakar gida. Kawu ya gaishe ta, ya ce ga jikar wance, ya juya zai tafi kasuwa.

“Ki faɗa mata da bakinki,” ya ce mini.

Tsohuwar ta rungume ni tana dariya tana hawaye, tana tambayar ko Kaka na nan da rowar goronta. Na fara bayani a ciki-ciki.

“Ɗaga murya, ɗiyata, ko kifin ga ya fi ki magana.”

Da ta ji kalmar majanyi sai dariyar ta ɗauke.

“Wanda na goya da shi shina kan ruwa yanzu, ya tafi kamun kifi can nesa. Majanyinshi ba ya fita ɗakin ga.”

Ta koma tana juya kifinta. Na dubi ƙofar da Kawu ya fita, na tuna Kaka tsaye da buta a hannu. Ban san inda muryar ta fito ba, na dai ji kaina ina cewa da ƙarfi, “Ba ba ni za ki yi ba. In gani kawai. Ta manta ƙarshen, kuma tsoro take ji.”

Sannan ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙulli daga cikin wata tukunya, ta warware a kan cinyarta ba tare da ta sake shi ba.

Wayyo daɗi! Ga kura kanta cikin ruwa, ƙafafun baya a sama. Ga kunkuru ya danne gefen kwalekwale da filafili. Ga akuya a ɗaya ƙarshen, kunnuwa a tsaye. Na tambaye ta abin da akuyar ta ce.

“Akuya na magana? Ni dai tun da can na ɗauka kare ne ke wanka.”

Ita ma ba ta san labarin ba. Fensir na cikin aljihuna, amma me zane zai yi wa wadda ba ta gani? Sai abin da yatsa zai ji. Na cire kallabina na shimfiɗa a kan turmi. Tsohuwar ta ba ni allura, ta zaro mini zare daga gefen tsohon zanenta, da ya ƙare ta ƙara da na gyaran komar kamun kifi. Ban taɓa ɗinka abin da ya wuce maɓalli ba. Na soke yatsa har na daina ji. Na kwafi komai, har da wani ɗan abu a kwance cikin kwalekwalen wanda ban gane ba, lanƙwasasshe kamar busasshen ganye. A can muka kwana.

Da hantsi muka iso gida. Kaka na inuwar ɗakinta. Ban ko cire takalmi ba na zube gabanta na sa mata kallabin a hannu. Ta shinshina.

“Kifi kinka kawo mini?”

Ta bi ƙafafun kura da yatsa.

“Wanga mi ne? Jaki ya faɗa rijiya? Wa ya koya miki ɗinki, kaza?”

Yatsanta ya ci gaba, ya wuce kunkuru, ya zo kan busasshen ganyen nan. Ya tsaya. Ta danna, ta sake dannawa.

“Buhun ba komai a ciki,” ta ce a hankali. Sai ta tafa hannu. “Gishirin! Sai akuya ta ce, ranki ya daɗe, babba irinki ta ci nama lami? Nan ba tukunya, ki fara cin gishirin, in na iske shi a ciki mu haɗu!”

Kura ta lashe buhu kaf, ƙishirwa ta kama ta, ta sunkuya shan ruwa, kunkuru ya karkata jirgi. Kaka na faɗi tana kwaikwayon muryar kura, muna birgima da dariya. Inna ta fito daga madafi da muciya a hannu.

“Tatsuniya da rana tsaka? Ɓata za ki yi!”

“In ɓata zuwa ina, ni da ko zaure ba ni kai? Zubo mini tuwo.”

Ta cinye, ta nemi ƙari.

Yanzu ina da akwati cike da irin waɗannan ɗinkuna, na zomo, na dila, na gauraka, daga ƙauyukanmu da na ƙetare. Matan yau da tawul suke goyo, ko wani abu mai igiya da ake sayowa a kanti. In na nemi tsohon majanyi, ba mai tambayata abin da zan yi da shi. A kakkaɓe a miƙo mini, wani lokaci har a gode mini da na rage musu tarkace. Ina karɓa da hannu biyu, amma wani abu kan ɗan sosa mini rai.

Bayan rasuwar tsohuwar nan na koma ƙauyen. Na iske ɗanta masunci, gemu fari fat, yana gyaran koma. Na gabatar da kaina, na roƙe shi majanyin, na ce zan adana shi fiye da idona. Ya saurare ni har na gama, ya yi murmushi, ya ce a'a.

Ashe akwai sauran wanda bai mai da majanyinsa tarkace ba. Duk hanyar dawowa ina kan babur ina dariya ni kaɗai, har mai babur ɗin ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.