Kalmar da Yaya Malam bai taɓa kira na da ita ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Malam Shu'aibu makwancinsa a Kafanchan, amma har yau in na ji an kira wani yaro Halilu a unguwa sai in tuna da shi. Shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure. Sana'arsa koyar da Larabci a sakandare, kuma mutum ne mai rowar kalma. Ba ya ba ka wadda ba taka ba.

Sunan Halilu daga khalil ya samo asali. Yaya ya sha gaya wa ɗalibansa cewa abota hawa-hawa ce a wajen Larabawa. Wanda kuke tare sahib ne, abokin tafiya rafik, mai gaya maka gaskiya sadik. Khalil kuwa tushensa ratsawa ne tsakanin abu, kamar yadda mai alwala ke tsattsefe gemu har ruwa ya shiga ko'ina. Ƙauna ce da ta ratsa zuciya ba ta bar wani gurbi ba, shi ya sa aka ce da Annabi Ibrahim Khalilullah.

Mutum ɗaya tak na taɓa ji ya kira haka: Baba Bulus, manomin citta daga wajen Godogodo, dattijo a ikkilisiyarsu. Tun suna samari suka haɗu a tashar jirgin ƙasa. Ranar kasuwa Baba Bulus zai jingine kekensa a ƙofar gidanmu, Yaya ya miƙe da sauri yana cewa, "Khalili ya iso." Ni kuwa aikina in shimfiɗa musu tabarma in kawo ruwa. Da Yaya ya bayyana masa asalin sunan, Baba Bulus ya ce ai su ma a Littafinsu an kira Ibrahim abokin Allah. Suka yi ta murna kamar sun tsinci dami a kala, ina tsaye da buta a hannu.

Na taɓa tambayarsa cikin raha ni wane ne a cikin jerin. Ya ce, "Kai shaƙiƙi ne, Garba. Wannan Allah ne ya ba ka, ba ni ba." An ce ɗan'uwa rabin jiki. To, ni ba rabi nake so ba.

Da ciwo ya tsananta, ni na yi jinyarsa, ni nake juya shi a gado. Amma da ya ji alamar tafiya, cewa ya yi in ɗauko masa Bulus. Na hau babur na je na ɗauko shi. Suka rufe ƙofa, na zauna a dakali ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, har da shessheƙar Yaya, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba tun da nake.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samari na kiran wanda suka sani a waya kawai "aminina". Garin kuma ya dare gida biyu, Musulmi da Kirista, kowa ya san unguwar da yake kwana da wadda ba ya yarda magariba ta same shi. Ina jin da zai gyara tabarau ya ce an yi wa kalma gwanjo, an kuma rufe hanyar da ake samunta.

Bayan rasuwarsa wani abokin aikinsa ya faɗa mini cewa a tsohon Larabci khalil na nufin mabuƙaci ma, wanda rashi ya yi wa giɓi. Na daɗe ina juya wannan. Ni kullum mai buƙatar Yaya ne. Shi kuma da tasa buƙatar, Godogodo yake kai ta. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa.

Bana na je gaida Baba Bulus. Ido ya yi rauni, ya daina zuwa gona. Na tambaye shi abin da suka tattauna ranar nan. Ya ƙi faɗa. Na ce, "Baba, ka san na daɗe ina kishinka?"

Ya yi dariya har da tari. "Na sani tun kana kawo mana ruwa. Amma Garba, yaransa wa ya ba? Kai ne ka wanke shi, kai ka sa shi a rami. Ni a bayan katanga na tsaya da hulana a hannu. Kana tsammani ni ban ji zafi ba?"

Matarsa ta kawo kunu, muka sha.

Littattafan Yaya suna ɗakina, 'ya'yansa sun girma a hannuna, ɗalibansa na koyarwa har Kagarko. Duk wannan gado ne, na kuma gode. Sai dai abin da ya fi daɗewa bayansa shi ne ni da Baba Bulus, tsofaffi biyu, ɗaya da tasbaha ɗaya da littafin waƙoƙi, kowa na ganin ɗaya ya fi shi samun rabo. Allah ya jiƙan Yaya Malam. Kishin bai tafi ba, ban kuma roƙi Allah ya ɗauke mini shi ba.