Mai Aski da Ruwan Gishiri

Yayana mai aski ne, kuma bakinsa ya fi askarsa kaifi. Shekaru da yawa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, amma ko zazzaɓin kirki ba ya yi. Abin da ya tsana shi ne ƙwayar maganin da matarsa ke miƙa masa kowace safiya da kofin ruwa, ta tsaya a kansa sai ta ga ta wuce maƙogwaro.

"Kamar wata akuya ake yi wa ɗure," in ji shi.

Sai asibiti suka fara gwajin wani ƙarin ruwa, wai zai taimaka wa garkuwar jiki ta danne cutar da kanta. Za a dakatar da ƙwayar, ana duba jini akai-akai. Yaya ya shiga gwajin. Likita ya faɗa wa duk waɗanda suka shiga ƙarara: wasu za su sami na gaske, wasu ruwan gishiri zalla, kuma ba mai sanin nasa. Yaya kuwa rabin farko kawai kunnensa ya ɗauka.

Tabɗi! Daga ranar muka shiga uku. Yana aski yana bugun ƙirji, wai sojojin jikinsa sun sami horo. Janareton shago, da sai mutum biyu, shi kaɗai yake kinkima. Har nas ya yi wa tayin aske mijinta kyauta in ta gaya masa gaskiyar wanda aka sa masa. Ta ce mijin nata sanƙo ne.

Na ce, "Yaya, a dai bi a hankali."

Ya ce, "Ke, hassada ce ke cinki."

Ba a jima ba jini ya nuna cutar ta ɗago kai. Likita ya ce a koma ƙwaya yau ɗin nan. Da aka bincika, ashe ruwan gishiri aka ƙara masa. Na yi dariya har da hawaye, sannan na ga fuskarsa, tausayinsa ya kama ni.

Da safe matarsa ta zo da kofi. Ya sunkuyar da kai yana jiran gori. Sai ta sa masa ƙwayar a tafin hannu.

"Maigida, tun da ka daina shan ƙwayar nan ban yi barcin kirki ba. Haɗiye in gani."

Ya haɗiye, har ya buɗe mata baki ta duba.