Juma'a ta Huɗu a Kan Ƙanƙara

Juma'a uku a jere ban ji muryar Baba ba, shi ya sa da aka liƙa takarda a sashenmu cewa za a kai ɗalibai hawan dutse, ni na fara rubuta sunana. Ba sha'awar dutse nake yi ba. Ɗakina ne ya ishe ni. In zauna, in tashi, in buɗe littafi in rufe, in dafa shayi in manta da shi har ya huce. Jarrabawar ƙarshe saura 'yan makonni, amma ko shafi ɗaya ba na iya kaiwa ƙarshensa.

Shekarata ta biyu ke nan a ƙasar Norway, ina karatun ruwa da ƙasa. Na baro gida a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, lokacin da kowane teburin mai shayi a Daura ya zama wurin fatawa. Turawan ajinmu kuwa abin da suka sani game da mu ke nan. Duk wanda ya ji daga inda na fito sai ya saci kallon hannuwana, kamar yana son ya tabbatar biyu ne. Shi Baba bai taɓa shiga wannan gardama ba. Ranar da zan tafi, a tashar Daura, ya riƙe hannuna ya ce, "Salla dai. Ko ina ka samu kanka, salla." Iyakar wa'azinsa ke nan.

Ƙauyenmu yana tsakanin Zango da Baure. A lokacin waya ba ta kamawa a cikin gari, sai a kan wani tudu bayan firamare, gindin wani gawo. Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, shi ke da wayar. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya ɗauko Baba a mashin, Inna ta biyo su a ƙafa, su jira kirana har la'asar. Baba ihu yake yi a waya kamar mai kiran wani daga ƙarshen gona, kuma tambayarsa ta farko kullum ita ce ko an yi ruwa a wajenmu.

Juma'ar farko Yaya ya ce Baba ya tafi ɗaurin aure Baure. Muryarsa a dishe, ya ce mura ce. Ta biyu ya ce an yi ruwan farko, Baba yana wajen shuka. Ta uku ya ce ya kai ɗan maraƙi kasuwar Mai'adua. Na ce, "Yaya, Mai'adua ai ranar Lahadi take ci." Ya ce to ya tafi da wuri ne. Inna fa? Ta yi baƙi. Duk makonni ukun baƙi take yi.

Na ce, "Yaya, don Allah, Baba lafiya?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau. Kai dai ka yi karatunka."

Na san halinmu, kuma abin da ya hana ni sakat ke nan. Mu ba ma gaya wa ɗalibi rasuwa yana tsakiyar karatu. Ni kaina an taɓa aika ni Zariya wajen ɗan maƙwabcinmu, mahaifiyarsa tana da kwana tara a ƙasa, na kai masa ƙuli-ƙuli da garin kunu, da bakina na ce masa tana gaishe shi. Don haka na san yadda ake yi. Abin da ban sani ba shi ne ko yanzu ni ake yi wa. Tsoro nake ji, kuma haushin Yaya nake ji, kuma in na tuna wata ila ba komai, sai in ji haushin kaina.

Mun tashi ranar Alhamis a babbar mota, mu goma sha biyu da malami ɗaya, muka kwana a wani gidan katako a gindin duwatsu. Da safiyar Juma'a jagorarmu ta zo, wata siririyar mata mai furfura, ba ta dariya, ba ta kuma ɓata magana. Ta duba takalman kowa ɗaya bayan ɗaya. Muka kama hawa ta cikin duwatsu, wajen awa biyu. Ni ne a gaba, har sai da ta daka mini tsawa sau biyu in rage sauri. Ban iya tafiya a hankali a ranar ba. In na tsaya, Mai'adua ce ke dawo mini.

Da muka zagayo wani ƙaton dutse sai ga abin da muka zo gani. Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake sayarwa da azumi a Daura, a naɗe cikin buhu, ana sara ta da adda. Wannan kuwa kwari ne guda, faɗinsa ya fi garinmu da gonakinsa, cike da ƙanƙara tun daga ƙwanƙolin dutse har ƙasa. Malaminmu ya ce tafiya take yi a hankali, kuma ta girmi kakannin kakanninmu. Samanta fari ne da datti-datti, amma in ka leƙa cikin tsagoginta shuɗi ne mai duhu, kana jin ruwa yana gudu can ƙasa ba ka ganinsa. Na yi tasbihi, amma gaskiya ko minti ɗaya mamakin bai riƙe ni ba.

Aka ɗaura mana wasu ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi, aka ba kowa ɗan gatari mai doguwar ƙota, sannan aka ɗaure mu a igiya ɗaya kamar shanun da za a kai kasuwa. Jagorar ta ce kowa ya taka inda na gabansa ya taka, kada igiya ta yi sako-sako, kada kuma ta ɗame. Ni da ke son in yi ta sauri, ga shi an ɗaure ni tsakanin wani Bajamushe mai ɗaukar hoton komai da wata yarinya 'yar ƙasar da ke rera waƙa ƙasa-ƙasa. Sau uku ina taka igiyar.

Da rana ta take muka tsaya cin abinci a wani ɗan fili, aka kwance mu. Na duba agogo, azahar ta yi. A gefe akwai wani ɗan rami da ruwan narkewa ya taru, garau da shi. Na san da taimama, na san da shafa a kan safa, duk mun karanta tun muna yara. Amma a ranar ban ga damar neman sauƙi ba. Wani abu a raina yana ce mini in na yi alwala cikakkiya, na yi salla yadda Baba yake so, to zan ji muryarsa da yamma. Na san wannan ba karatu ba ne, amma haka na yi. Na cire takalmi da safa, na wanke ƙafafuna har idon sawu a ruwan nan, sau uku-uku. Sanyin ya harba mini har cikin haƙora. Babu tawul, na mai da safar a kan jiƙaƙƙun ƙafafu, na ɗaure takalmi, na shimfiɗa rigar ruwa na yi sallata. Bajamushen har da ɗaukata hoto.

Muka ci gaba. Da farko yatsuna zafi suke yi kamar an zuba musu barkono. Daga baya zafin ya tafi, na ji daɗi, na ɗauka sun warke. Sai na lura ba na jin inda nake takawa, kamar da ƙafar aro nake tafiya. Jagorar takan bi layi lokaci-lokaci tana tambayar kowa ko lafiya. Ta zo kaina na ce lafiya lau. Ta sake zuwa na ce lafiya lau, har da murmushi. To me zan ce? Mutumin da aka rena a kan in an ce ina gajiya ya ce ba gajiya, ko da yanzu ya sauke buhun gero daga ka? Ga mata a cikin tafiyar ba wadda ta yi ƙorafi, sai ni ɗan manomi?

A bakin wata tsaga na yi tuntuɓe, na durƙusa, igiya ta fizgi yarinyar da ke bayana har ta yi ƙara. Jagorar ta tsai da kowa, ta taho. Wannan karon ba ta tambaye ni ko lafiya ba. Ta dubi ƙafafuna, ta dube ni, ta ce, "Tun yaushe ka daina jin yatsunka?"

Na ce, "Tun bayan cin abinci."

Sai da maganar ta fita na ji ta. Ta zaunar da ni a kan jaka, ta cire mini takalmin da kanta. Yatsun sun yi fari fat kamar rogon da aka ɓare. Ta taɓa safar ta ji ta sharkaf, ta yi wata magana da harshensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce. Ta ba ni busasshiyar safa daga jakarta, ta buɗe rigarta ta sanyi ta cusa ƙafafuna a cikinta, a gaban kowa. Kunya kamar in nutse, matar ta kai sa'ar Inna. Da jini ya fara dawowa na ciji hannun rigata don kada in yi kuka. Ta ce da mun ƙara awa guda da sai dai likita.

Na ce mata, "Yaya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Ban sani ba. Na dai ga irinka ne, in na tambaya ko lafiya, har gobe lafiya za ka ce."

Saboda ni aka yanke tafiyar, muka juyo. Duk gangarowar nan ƙafafuna suna zugi, amma ba su nake tunani ba. Maganar matar nake juyawa, domin na riga na san abin da zan yi, kuma ba na son in yi.

Mun iso gidan katakon da sauran rana. Waya tana kamawa a barandar baya. Na lissafa, a gida la'asar ta kusa, Yaya yana nan gindin gawo. Na zauna a kan benci, ƙafafuna cikin bargo, na buga. Sau biyu ina kashewa kafin ta shiga. A na uku na bari.

Ya ɗauka ya yi sallama. Na amsa. Ban tambayi Baba ba, ban tambayi Inna ba. Na yi ƙasa da murya yadda ake yi in an shiga zaure an tarar da mutane a kan tabarma, na ce, "Yaya, ya ƙarin haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya."

Mutumin da ya yi makonni yana amsa wannan gaisuwa safe da yamma, bakinsa ya riga shi. Ina jin kukan awaki a bayansa, da wani mashin yana wucewa.

Can ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Kai, yanzu."

Sai ya fashe da kuka, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar. Na yi ta salati, ban san sau nawa ba. Duk masifar da na tanada zan yi masa na manta da ita. Na ce yaushe. Ya ce yau kwana ashirin da uku, ranar Laraba da hantsi, zazzaɓin kwana huɗu. Ya ce Baba da kansa ya ce kada a gaya mini sai na ajiye alƙalami, ya maimaita wa Inna har sau biyu. Inna tana takaba, shi ya sa ba ta fitowa.

Ya ce, "Ita ce damuwata. Duk Juma'a in na koma tana bakin ƙofar ɗaki tana jirana, ta ce, ya gane? In ce bai gane ba. Sai ta ce alhamdu lillahi, ta cika wa Baba maganarsa. Abin da ke riƙe da ita ke nan. Yanzu in na koma me zan ce mata?"

A cikin gida 'yan ajinmu suna ta hayaniyar dafa taliya, wani yana kiran sunana in zo in ci.

Na ce, "Ka ce mata ban gane ba. Ka ce ina nan ina karatu, ina gaida ita da Baba."