Layin Gamba na Ƙarshe a Gonar Baffa

Da faɗuwar daminar bana Baffa Ilu, ƙanen mahaifinmu da ya riƙe ni, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah Ya jiƙansa. Ya tafi tun kuɗin fetur bai iso garinmu Indabo ba, kuma wallahi wani lokaci nakan ce gara da bai gani ba.

Gonarsa a gangare take, maƙabartar gari na ƙasa da ita. Baffa bai taɓa yin huɗa ta bi gangaren ba, sai a gicciye, tsakani kuma ya bar ciyawar gamba layi-layi. In muka ce tana cin fili, sai ya ce, "Kai, ja can! Gamba ce mazagin wandon gona. Zare ka sha kallo."

Bayan rasuwarsa aka kawo tarakta ta haya, ga takin zamani kamar kyauta. Direban ya ce wa Yaya Sabo, babban ɗan Baffa, "Alhaji, motar nan ba ta son kwana-kwana." Aka tumɓuke gamba, direban ya keta huɗa daga sama har ƙasa. Layin ƙarshe kaɗai ya tsira, don ba wanda ya yarda a kai garma bakin kaburbura.

Shekarar farko rumbu ya cika, kowa na yi wa Yaya barka. Daga nan ruwa ya samu hanya. Baƙar ƙasar sama, wadda ruɓaɓɓen kara da ganye da kashin shanu suka tara tun zamanin kakanni, duk ta bi ruwa ta tafi kogi. Bara an zuba taki har ba a magana, amma dawa ko ƙugu ba ta kai ba.

Yanzu kwazazzabo ya tsaga gonar biyu, mutum na shiga ya ɓace. Maƙabarta ya nufa, kuma kabarin Baffa ne a sahun farko. Me zai ce mana? Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Ranar Juma'a na ce, "Yaya, in gambar nan ta saki fa?" Ya kalli ramin, ya ce, "Sai mu kwashe mamatan."

Mun gaji gona, mun gaji rumbuna, amma yau abin da ke tsare mana ƙasusuwan Baffa ciyawar da ya dasa da hannunsa ce, wadda muke yi wa dariya. Jiya hadari ya haɗo daga gabas, yara na tsalle suna murna. Ni ɗan manomi, na buɗe baki zan ce Allah Ya sauko da shi, na kasa.