Bargo da Tawul

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Burodi ya yi a bakin tanderu, har gashin hannunsa ya gaji ya daina fitowa. Bai taɓa sayen ma'aunin zafi ba. Bayan hannunsa yake kai wa bakin ƙofar tanderun, in wuta ta yi yawa ya janye itace, in ta lafa ya ƙara. Da wannan hannu ya raini 'ya'ya biyar.

Abu ɗaya ne ya gagare shi: jikarsa 'yar wata huɗu. Kowa ya ɗauke ta sai dariya, amma da ta zo hannunsa sai ta tsala ihu kamar an mintsine ta. Abin yana cin ransa ƙwarai, ko da yake a baki cewa yake, "Amaryar nan tawa jan aji take yi."

Laifin kuwa nasa ne. Shi a saninsa, duk abin da ake so ya tashi rufe shi ake yi. Da an miƙo masa ita sai ya naɗe ta da bargo, ya ƙara tawul, ya manna ta a ƙirjin da ya wuni gaban wuta.

Wata rana da hantsi uwar yarinyar, 'yarsa ta uku kuma ma'aikaciyar jinya, ta same shi a ƙofar shago yana wannan aikin. Ta taɓa wuyan jaririyar, ta ji shi sharkaf da gumi.

"Haba Baba! Mutum ce fa, ba kwaɓin fulawa ba."

"Sanyi zai kama ta."

"Ai tana da mai duba mata wuta a cikin kai. In jini ya ɗau zafi, ƙwaƙwalwa ta ji, sai ta turo gumi, ta buɗe jijiyoyin fata, shi ya sa kake ganin ta yi jawur. In zafin ya sauka ta dakata. Aikinka take yi sak. Tana rage wuta, kai kana tura mata itace."

Baba ya fashe da dariya. "Ashe abokiyar sana'a ce!"

Ya zare tawul, ya zare bargo. Yarinyar ta yi miƙa, ta damƙi gemunsa, ta yi hamma, barci ya kwashe ta a kafaɗarsa. Daɗi ya cika shi har ya rasa yadda zai yi numfashi.

Can ƙanensa ya leƙo daga ciki. "Yaya, ba ka jin ƙauri? Burodi na ƙonewa!"

Baba ko motsi bai yi ba. Cikin raɗa ya ce, "Rage murya. Bar shi ya ƙone."